DAƘUWAR GYAƊA: TUN DAGA FAIFAI AKE GYARA TA

  Ina gaida manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori, Danja, Kafur, Dandume, Faskari, Ƙanƙara da Musawa, da duk inda muryar nan take kaiwa. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata da ke cikin gida suna sana'a, waɗanda turminsu ba ya hutawa.

A wannan mako takardu da saƙonnin waya har guda huɗu suka haɗu a kan magana ɗaya, watau gyaɗa da kayan ƙwalamar da ake yi da ita a gida. Saboda haka na ga ya fi kyau in haɗa su in amsa gaba ɗaya, maimakon in yi ta gutsura.

Ta farko wata baiwar Allah ce daga Malumfashi. Ta ce ta ga Turawa a waya suna yin wata alewa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, mai zaƙi da ɗan gishiri-gishiri, ba a gasawa, tana so ta yi wa yaranta amma ba ta san inda za ta sami kayan haɗin ba. Ta biyu wata uwar marayu ce daga Bakori. Ta ce ta karɓi kuɗin adashe ta ja jari ta fara daƙuwa, kashin farko ya ƙare lafiya, kashi na biyu kuwa kwana biyu kacal ya yi ya soma tsami da fumfuna, masu kanti suka maido mata, yanzu rabin jarin ya tafi, ga zubi yana jiranta. Na uku wani manomi ne daga Kafur, yana tambaya ko akwai laifi a ba iyali gyaɗar roro da wadda aka tsince daga buhun kasuwa su yi daƙuwa da ƙuli-ƙuli, tunda dai za a soya ta. Na huɗu wani mai shayi ne daga Funtuwa, yana tambaya a kan abincin nan na cikin 'yar leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wai ya ji an ce gyaɗa ce kawai da sukari.

To, madalla. Na san wani zai ce me ya kai namiji zancen turmi da taɓarya? Ku yi mini uzuri. Da kuɗin daƙuwa mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta saya mini littattafai har na kai ga takardar shaidar malanta, kuma ni ne mai tsintar gyaɗa da kai niƙa tun ina ɗan aji uku. Daƙuwar ci fa nake nufi, jama'a, kada wani ya ce na yi masa ta zagi a gidan rediyo.

Bari in fara da 'yar'uwarmu ta Malumfashi. Hajiya, abin da kika gani a waya kakanninki sun riga Bature saninsa. Gyaɗa a markaɗe, da ɗan gari mai riƙe ta, da zaƙi, da gishiri, a cuɗa a mulmula, ai daƙuwa ke nan. Har Kudu ta kai, can suna ce mata donkwa. Ba ta bukatar tanderu, ba ta bukatar firji, ba ta bukatar wutar lantarki. Wuta sau ɗaya take gani, wurin suyar gyaɗa da hatsi, daga nan sai aikin hannu. Zan faɗi awo da yadda ake haɗi dalla-dalla, amma tilas mu bi ta kan tambayar manominmu na Kafur tukuna, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

TSINTA

Malam, amsarka a taƙaice ita ce akwai laifi, babba ma kuwa. Mun saba da wata al'ada a karkara: idan an ɓare gyaɗa sai a zaɓi manyan ƙwayoyi masu sheƙi a cika buhu a kai kasuwa, sa'an nan yanƙwanannu da fasassu da waɗanda gara ta huda da masu baƙi-baƙi a tura su cikin gida, a ce mata su yi mai da ƙuli, yara su ci saura. Watau mun sayar wa baƙo mai kyau, mun ba 'ya'yanmu mai cuta.

Akwai wata irin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, tana shiga gyaɗa da masara, musamman idan damina ta ɗauke da wuri shuka ta sha ƙishi, ko ƙwari da fartanya sun fasa ɓawo, ko an tara amfani bai gama bushewa ba. Wannan fumfuna tana fitar da wata guba da masana ke kira afalatoksin. A shekarar 1960 aka fara gano ta, sa'ad da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da dusar gyaɗa daga ƙasar Barazil. A shekarar 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda cin masarar da ta kamu da ita. Wannan shi ne idan an ci da yawa a lokaci guda. Abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, wanda ke cin hanta a hankali har ya kai ga ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan yaran ƙasashen Benin da Togo ya nuna cewa yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa.

Ka ce za a soya ta. To, ka ji inda gizo ke saƙa: suya tana kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan, zafin kasko ɗan kaɗan yake ragewa. Ita gubar kanta ba ta da launi ko wari. Sai dai Allah Ya taimake mu da abu guda, mafi yawanta tana taruwa ne a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan da suka lalace, waɗanda ido ke iya gani. Idan aka zauna aka tsince su, an rage kaso mai yawa na haɗarin.

Saboda haka, uwargida, ki baza gyaɗarki a faifai ko tire da rana tsaka, kada ki yi tsinta da magariba ko da hasken tocila. Ki fitar da duk ƙwayar da ta yanƙwane, da wadda ta canza launi, da mai huda, da wadda ta fara tsiro, da mai ƙura-ƙura kore ko baƙi a jiki. Bayan an soya an murje, ƙwayar ta rabe biyu, ki sake tsinta karo na biyu, don wata lafiya lau take a waje, sai an buɗe cikinta a ga ta yi ruwan ƙasa ko baƙi. Mahaifiyata takan ce ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana ɓata turmi guda. Ita ɗanɗano take karewa, ba ta san har hantarmu take karewa ba.

Abin da aka tsince kuma kada a watsa wa kaji, kada a ba akuya ko saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono ta komo mana. A haƙa rami a binne. Na san da ciwo mutum ya binne abin da ya noma, amma gwangwani ɗaya ko biyu ne a tiya, kuma bai kai kuɗin gadon asibiti na kwana ɗaya ba.

Ku kuma maza, aikinku yana gona. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta a ƙasa ana jiran a gama da masara. A kife ta 'ya'yan suna kallon rana, in an tsige a shanya a kan tampol ko tabarma, kada a zube a ƙasa tsirara. Sai an girgiza an ji ƙwaya tana kaɗawa cikin ɓawo za a zuba a buhu, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Kada a yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi saukin ɓarewa ko ta yi nauyi a sikeli. Gyaɗar roro, wadda ta daɗe a ƙasa bayan an yi cira, ita ta fi kowace haɗari, in za a ci sai an tsananta tsinta.

Dattawanmu suna tuna zamanin da jirgin ƙasa ke bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda yana kwasar gyaɗa da auduga, da zamanin dalar gyaɗa a Kano. Suna kuma tuna shekarar 1975, da cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki a Arewa, manoma da yawa suka koma masara. Tun daga lokacin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da iri masu jure cutar, waɗanda ake kira SAMNUT. Daga cikinsu akwai SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, mai nuna da wuri. Irin da ke nuna kafin ruwa ya ɗauke ya fi tsira daga wannan fumfuna. Har ila yau akwai wani magani mai suna Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya kafin shuka ta yi fure. A tuntuɓi malaman gona na KTARDA don sanin lokacin da ya dace da irin da aka shuka.

SUYA DA NIƘA

To, an tsince. Yanzu a sami yashi mai tsabta, wanda aka wanke aka shanya aka tankaɗe, a zuba a kasko ya yi zafi, sa'an nan a zuba gyaɗa ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Wuta matsakaiciya ake so. Idan wuta ta yi yawa baya zai ƙone ciki yana ɗanye, daƙuwa ta zo da ƙauri da gafi a lokaci guda. Ki riƙa ɗaukar ƙwaya ɗaya kina murzawa, idan jar rigar ta saɓule da sauƙi, cikin ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, ki sauke, don tana ci gaba da nuna da zafin jikinta. A tankaɗe yashin, a baza ta ta huce sarai, a murje, a bushe a faifai, a yi tsinta ta biyu da na faɗa.

Hatsin da za a haɗa da shi, masara ko gero, shi ma a tsince shi, a soya shi daban har ya yi ƙamshi, a niƙa shi ya yi laushi, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Dole ne hatsin ya soyu sosai, domin ba zai sake ganin wuta ba, ɗanyen gari kuwa yana ɓata ciki.

Wurin niƙa a buɗe ido. Injin da ya gama markaɗen tumatir ko waken ƙosai bai dace da gyaɗar daƙuwa ba sai an wanke shi ya bushe ƙarau. Ki je da sassafe kafin layin masu jiƙaƙƙen kaya, ko ki nemi mai injin da ya keɓe na gyaɗa. Ki tsaya a kansa, kada ki aiki ƙaramin yaro shi kaɗai, kuma ki gaya masa kada ya ɗiga ruwa ko kaɗan. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, da kanta za ta narke ta zubo. Wadda za ta yi kaɗan don yaran gida, turmi busasshe ya ishe ta.

HAƊI

Ga awo, da gwangwanin madara ƙarami, wanda kowace mace take da shi. Soyayyar gyaɗa gwangwani 4. Garin soyayyar masara ko gero gwangwani 2. Sukari gwangwani 1. Gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi. Garin busasshiyar citta ƙaramin cokali 1. Garin barkono ɗan kaɗan a bakin cokali, da kanumfari ƙwaya 3 ko 4 ga mai so. Mai yin na sayarwa sai ta riɓanya, gwangwani ya koma kwano, amma lissafin yana nan: huɗu, biyu, ɗaya.

A fara daka sukari da gishiri da kayan ƙamshi tare har su zama gari. Wannan mataki mata da yawa suna tsallake shi, shi ya sa za ka ci wata daƙuwar ka ji sukari yana ƙaras-ƙaras a haƙori, ko ka ci karo da dunƙulen gishiri a gefe guda. Sa'an nan a zuba garin hatsi a gauraya, a kawo markaɗaɗɗiyar gyaɗa a zuba, a yi ta kirɓawa a turmi har mai ya fara tsattsafowa, haɗin ya daina kama taɓarya. Ki ɗebo kaɗan ki dunƙula a tafin hannu. Idan ya tsaya bai fashe ba, ya yi. Idan yana wargajewa, ki ƙara markaɗen gyaɗa ko cokali ɗaya na man gyaɗa mai kyau. Idan ya yi lakaɓ-lakaɓ yana kama hannu, ki ƙara gari. Daga nan sai mulmula, a jera a tire, a rufe da kyalle mai tsabta, a bar shi ya sha iska kamar awa ɗaya ya ɗaure.

Wani zai ce me gishiri yake yi a cikin kayan zaƙi? Ku gwada da kanku. Ku raba haɗin biyu, ɗaya da gishiri ɗaya babu, ku ba yaro ya ɗanɗana, zai ce mai gishirin ta fi zaƙi alhali sukarinsu ɗaya. Gishiri yana danne ɗan ɗacin da suya ke bari, ya fito da zaƙi da ƙamshin gyaɗa. Ga mai sana'a wannan riba ce, don rabin cokalin gishiri yana tsare mata sukari mai yawa. Amma a tsaya a awo, in ya wuce ya zama ƙuli-ƙuli. A yi amfani da gishirin leda mai sinadarin aidin, wanda Nijeriya ta wajabta sanyawa tun 1993 don maganin maƙoƙo.

Wadda take da aya tana iya sa ta a madadin masara: a tsince tsakuwa, a wanke, a shanya ta bushe sosai, a soya, a niƙa, a tankaɗe. Aya tana da zaƙinta, saboda haka a rage sukari. Mutanen Danja da ke kusa da masu rake suna iya kankare mazarƙwaila busasshiya su daka a madadin sukari, ƙamshinta ma ya fi. Da azumi kuma a cire ƙwallon dabino busasshe, a buɗe cikinsa a duba ƙwari, a daka shi tare da gyaɗa, ba sai an sa sukari ba sam.

Hajiya ta Malumfashi, ga kuma wadda ta fi kama da abin da kika gani a waya. Markaɗen gyaɗa gwangwani 2, garin madara gwangwani 1, dakakken sukari rabin gwangwani, gishiri ɗan taɓawa da yatsu biyu. Ki cuɗa da cokali, ki shafa ɗan mai a tire, ki zuba ki danne da bayan cokali ko ki murza da kwalba mai tsabta, ki bar shi ya ɗaure, ki yanka murabba'i-murabba'i da wuƙa. In kina so ki barbaɗa soyayyen riɗi a kai. Shi ke nan fa, babu wani sirri.

RUWA

Yanzu mun zo kan 'yar'uwarmu ta Bakori. Yaya, Allah Ya mayar miki da alheri, Ya raya marayun nan. Na karanta takardarki sau uku, kuma na ga inda matsalar take a cikin layi ɗaya da kika rubuta. Kin ce a kashi na biyu, don ki rage tsada, kin sayi tunkuza wurin masu matsar mai kika haɗa da ita, da kika ga haɗin ya bushe kuma kika yayyafa ruwa don ya kama.

Ai nan ne. Tunkuza da markaɗen gyaɗa ba abu ɗaya ba ne. Masu matsar mai suna zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan suna juyawa kafin mai ya fito, saboda haka tunkuza ta riga ta sha ruwa, an kuma cire mata man da zai riƙe haɗin. Shi ya sa masu ƙuli suke soya ta a ranar, ba sa ajiye ta. Ke kuma kin ƙara mata wani ruwan da sukari, kin ƙulle a leda, kin ajiye a zafin kanti. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba abin da suke nema da ya wuce wannan. Abin da ke sa daƙuwa ta daɗe shi ne rashin ruwa a jikinta. Mai da sukari da busasshen gari ba sa ba ƙwayar cuta wurin zama, amma cokali ɗaya na ruwa ya isa ya buɗe mata ƙofa.

Saboda haka ki riƙe wannan: turmi busasshe, taɓarya busasshiya, tire busasshe, hannu a wanke da sabulu a goge ya bushe kafin a fara mulmula. Kada a ƙulle daƙuwa da ɗumi, gumi zai taru a cikin ledar. Kada a hura leda da baki don a buɗe ta, wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a wurin masu ƙulli, alhali numfashi yana ɗauke da danshi da cuta. Roba mai murfi ko kwalba mai faɗin baki ta fi leda, a ajiye a inuwa, don rana tana sa man gyaɗa ya tsufa ya riƙa maƙaƙi a wuya. Kuma ki riƙa yin abin da zai ƙare cikin kwana huɗu ko biyar, musamman da bazara da damina. Da hunturu takan fi haka daɗewa.

Wadda aka maido miki kuwa, don Allah kada ki kankare bayan ki ba yara, kada ki sake dakawa cikin sabon haɗi. Ki binne ta. Ki fara da gwangwani huɗu kacal, ki kai wa masu kantin nan su ɗanɗana kyauta, ki gaya musu gaskiyar abin da ya faru da yadda kika gyara. Ɗan kasuwa ya fi yarda da wanda ya ce na yi kuskure na gane, a kan wanda ya ce sharrin maƙiya ne.

ABINCIN TAMOWA

Malam mai shayi, abin da ka ji akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai cika ba. Wannan abinci, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut, wani likita Bafaranshe mai suna André Briend ne ya ƙirƙiro shi tare da wani kamfani a Faransa a 1996. An yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, inda ya ceci yara masu yawa. Kowace leda giram 92 ce. A cikinta akwai markaɗen gyaɗa, garin madara, sukari da mai, sa'an nan da sinadaran bitamin da ma'adinai da aka auna daidai da bukatar yaron da tamowa ta kama. Hikimarsa ita ce wadda muka gama faɗa yanzu, babu ruwa a ciki, shi ya sa yake daɗewa ba firji.

Abu biyu nake so a fahimta. Na ɗaya, daƙuwar gida abinci ce mai gina jiki, amma ba ta maye gurbin wancan. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, asibiti za a kai shi a auna damtsensa. Na biyu, wancan na ledar magani ne na yaro mara lafiya. Babban da ya saya ya shafa a burodi, ko uwar da ta sayar da rabon ɗanta, su sani daga bakin wani yaro aka cire shi. In kana son abin shafa wa burodi a teburinka, Malam, ka sa a markaɗa maka tsintacciyar gyaɗa da ɗan gishiri da sukari, masu shan shayinka za su gode maka.

Sa'an nan a kula da waɗannan. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a sa zuma a abin da za a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Ƙaramin yaro kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya ko babban dunƙule, yana iya shaƙe shi, a marmasa masa ko a dama masa a kunu. Akwai kuma mutanen da jininsu bai haɗu da gyaɗa ba: idan yaro ya ci sai leɓe ko fuska ta kumbura, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Masu ciwon sukari da hawan jini su ɗanɗana kawai, su bar wa jikoki.

LISSAFI

Kafin in rufe, tsohon malamin makaranta ba ya barin allo ba lissafi. Mata da yawa suna sana'a shekara guda ba su san ko riba suke ci ko uwar kuɗi ba. Ki sami littafi ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta miki: kuɗin gyaɗa, hatsi, sukari, kayan ƙamshi, niƙa, itace, leda, har kuɗin mashin zuwa kasuwa. In daga rumbun maigida aka ɗebo gyaɗar, a sa mata farashin kasuwa na ranar. Ki ƙirga dunƙule nawa kika samu, har da wanda yara suka ci da wanda aka yi kyauta. A ce kin kashe naira 10,000 kin sami dunƙule 250, to kowane ɗaya ya tsaya miki a naira 40 ke nan, daga nan za ki san inda za ki sa farashi da abin da za ki bar wa mai kanti. Ki sami murfin kwalba ko cokali guda ya zama ma'auninki, don hannu yana ƙara girma idan ana hira. In kaya sun yi tsada, gara ki rage girman dunƙule da ki koma gyaɗa mai araha, domin araha ba ta ado, a nan ma har cuta take yi.

Batun talla kuma, ni na yi ta, na san daɗinta na san wahalarta. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗora mini tire ba sai bayan an tashi makaranta, kuma kafin magariba ina gida. Yau da akwai masu kanti da masu shayi a kowace unguwa da za su karɓi roba guda su sayar a ba su lada, babu dalilin da zai sa yarinya ta bar aji ta bi tasha.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Manominmu na Kafur, ina fata bana buhun da za a buɗe wa iyali ya zama irin wanda za ka kai kasuwar Dandume ba ka ji kunya ba. Yayarmu ta Bakori, ki sake rubuto mana bayan mako biyu mu ji yadda kashi na uku ya kasance, masu sauraro suna jira. Sauran takardu da suka shafi ajiyar wake da farashin taki suna nan a hannuna, za mu taɓa su a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A ci gaba da rubutowa, a riƙa faɗin gari da sana'a don amsa ta zo daidai.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a gona da kasuwa.